Birki a Hannun Dama

Ranar da muka dawo daga Yola bayan an ɗura mini magani na ƙarshe, ban ga kekena a baranda ba. A wurin da yake jingine shekara da shekaru, har ya goge fentin bango, an ajiye kujerar roba da matashi a kai. Wai tawa ce, don in riƙa shan iska. Ban ce komai ba a ranar, domin ko tsayuwar minti biyar ba na iyawa sai na nemi abin dafawa.

Sai bayan kwana huɗu na shiga sito neman gyaɗa, na ɗaga kai na gan shi a rataye da igiya a jikin katakon rufi, can sama da buhunan masara, tayoyinsa duk sun sace. Na fito na tarar da maigidana a tsakar gida yana gyara ƙotar fartanya. Tsohon akawu ne, ya yi ritaya ya koma noma, mutum ne marar yawan magana.

"Baban yara, wa ya rataye mini keke?"

"Ni ne."

"Don me?"

"Likita ya ce ki huta. Ya ce ban da keke."

"Yaushe ya faɗa? Ni ban ji ba."

"Kina barci a lokacin," ya ce, bai ɗago ya dube ni ba.

Ni malamar firamare ce. Makarantarmu tana wani ƙauye da ake ratsewa daga hanyar Sahuda, a gindin duwatsu. Ban tashi da hawan keke ba. A kan tudunmu na Michika inda aka haife ni, ƙafa ce abin hawan mace, kaya kuwa a kafaɗa. Na kusa shekara arba'in lokacin da aka hana hawan babura a Mubi, dole ta sa na koya. Na sayi keken mata na gwanjo mai kwando a gaba, na riƙa zuwa filin ƙwallon unguwa da sanyin safiya, zani a kan wando, ina faɗuwa ina tashi. Gwiwata har yau da tabon. Daga nan ni da keke ba mu rabu ba: makaranta, kasuwa, coci, injin niƙa, gonarmu ta Lamorde. Minti arba'in ke kai ni makaranta, har da hawan tudun da ke bayan mayo, wato rafin da ya ratsa hanyarmu, ba na sauka. Maza da yawa kan sauka su tura a tudun nan. Ni sai in buga musu ƙararrawa in wuce.

Sannan wata safiya ina wanka na ji ƙullutu a nonona na hagu. Ba zan ja labarin asibiti ba, ba shi na zauna rubutawa ba. Sankara ce. An cire nonon gaba ɗaya, an kwashe kaluluwar hammata, aka yi wata shida ana ɗura mini wani magani ta jijiya wanda ya zubar mini da gashi, ya baƙanta mini farce, ya sa kowane abinci kamar ƙarfe nake taunawa. Na rame har zanina yana neman zagaye ni sau uku. Hannun hagu ba ya ɗaguwa ya wuce kafaɗa, yatsunsa kuwa kamar na aro.

A makon farko da dawowarmu matan zumunta na cocinmu suka zo gaishe ni, su kusan ashirin, cikin zanen anko. Na san matan nan, in sun shiga gida sai rufi ya amsa. Ran nan ba su zo da tulun kiɗa ba, ba su zo da caki ba. Suka zauna a tabarma suka ja waƙa a hankali, murya ƙasa ƙasa, suna satar kallon ƙirjina. Da shugabarsu ta tashi yin addu'a ta ce, "Ya Uba, ka ba baiwarka ƙarfin jimrewa har zuwa ƙarshe." Na buɗe ido ɗaya na dube ta. Wane ƙarshe? Na ce amin tare da kowa, amma raina ya ɓaci, kuma rabon da in ji wani abu mai ƙarfi a jikina kamar wannan ɓacin rai an yi watanni.

Da aka koma zango na uku, gab da faɗuwar damina, na koma aiki. A Napep nake zuwa. Sai an jira ta cika, a cusa mu huɗu a baya, gwiwar hannun wani tana dukan inda aka ɗinke ni, warin fetur yana juya mini ciki. A mararraba take sauke ni, sauran in taka da ƙafa. A makaranta na tarar hedimasta ya ba wata sabuwar malama ajina na huɗu, ni kuma ya ajiye mini tebur a ofishinsa, aikina in ba da alli in karɓi makullin kabad. Mutumin kirki ne, ya girmi ɗana na fari da kaɗan.

"Madam," ya ce, "na rubuta a mayar da ke makarantar cikin gari, kusa da gida. Don lafiyarki."

"Wa ya roƙe ka, Hedimasta?"

Ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Kwana tara na yi a kan teburin nan ina jin muryar yarana ta bango suna karanta jadawali ba daidai ba.

Ranar Asabar maigida ya tafi gona. Na ɗauki doguwar gorar da muke tsinko mangwaro da ita, wadda aka ɗaura wa lauje a kai, na shiga sito. Da hannu ɗaya nake ɗaga ta, sai in yi yanka biyu in sauke in huta. Na jiƙe da gumi sharkaf kafin igiyar ta tsinke. Keken ya faɗo kan buhu, ya wuntsila ƙasa, ƙafar gaba ta lanƙwashe. Ina cikin jan sa zuwa ƙofa sai ga maigida ya dawo, ya manta da irin da zai shuka.

Ya tsaya ya dube ni, ya dubi keken.

"Malama, me kike yi haka?"

"Wurin gyara zan kai shi."

"In kika faɗi a titi fa?"

"Sai in tashi."

"In ba ki tashi ba?"

"Sai ka zo ka ɗauke ni a titi. Ya fi mini ka ɗauke ni a kan waccan kujera."

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba a shekara talatin da aurenmu. Ya matsa gefe ya ba ni hanya, amma fuskarsa ta rufe kamar ƙofa.

Mai gyaran keken unguwarmu wani dattijon Bafulatani ne da ke zama a gindin bishiyar maina kusa da masallaci. Baffa nake ce masa. Shi ya zaɓar mini keken nan a kasuwa tun farko.

"Jam na, Malama? Kwana biyu."

"Jam, Baffa."

Ya dube ni daga ɗankwali har silifa. "Kin rame."

"Na rame."

"To," ya ce, ya kifa keken ya fara juya ƙafar gaba. Shi ne mutum na farko da ya faɗa mini haka bai bi ni da sannu goma ba. Ya ɗaure wayoyin ƙafar ɗaya bayan ɗaya har ta miƙe, ya ba tayoyin iska, ya ɗiga wa cen, wato sarƙar keken, baƙin mai. Sai ya ce in matsa birki ya gani. Na dama ya kama caraf. Na hagu na matsa iya ƙarfina, ƙarfen ko rabi bai zo ba.

Bai tambaye ni abin da ya sami hannun ba. "Na baya ne a hagu," ya ce. "In kika gangaro tudu kika matse na gaba shi kaɗai, ta kai za ki zo ƙasa." Ya kwance wayoyin birkin ya sauya musu wuri, na baya ya dawo hannun dama. Ya ɗaga kan keken sama don kada nauyina ya riƙa sauka a hannu, ya sauke sirdi kaɗan don ƙafata ta riƙa taɓa ƙasa.

"Sai kin saba, hannunki zai riƙa mantawa. Kuma in tudu ya fi ƙarfinki ki sauka ki tura, ba wanda zai kai ki kotu."

Na hau a gabansa. Na wuce turken wutar lantarki ɗaya, biyu, uku. A na huɗu cinyoyina suka fara rawa, numfashi ya ƙi isa ƙirji, na ji zuciyata tana bugawa a kunnuwana. Na sa ƙafa a ƙasa, na zauna a bakin kwata na yi amai. Mai tuyar ƙosai da ke tsallaken titi ta tsaya da matsami a hannu tana kallona. Na goge bakina da gefen zani, na ɗaga mata hannu, na sake hawa. Daga gindin maina zuwa gidanmu, tafiyar da a da ba na ma lura da ita, sau uku na tsaya.

Ban ware wani lokaci na ce na motsa jiki ne ba. Abin da na yanke kawai shi ne, duk inda zan je da keke zan je. Gishiri ya ƙare, keke. Kai niƙa, keke, mudu biyu kawai a kwando. Ranar Lahadi na hau shi zuwa coci na jingine a ƙarƙashin taga. Shugabar zumunta ta dafe ƙirji.

"Kai, Malama! Kashe kanki kike so ki yi?"

"Ai kun riga kun yi mini addu'ar ƙarshe, Mama. Saura me?"

Na ga idonta ya ciko. Daga baya na je gidanta na ba ta haƙuri a kan yadda na faɗa, ban da abin da na faɗa.

A gida kuwa maigida ya daina yi mini magana sai gaisuwa. In na ajiye masa tuwo sai ya juya baya ya ci. Na bar shi.

Bayan mako biyu na ce yau sai makaranta. Na fita gari na wayewa. Na kai gidan man bakin gari na tsaya na sha ruwa. Na kai kwalbatin da ke gaban gonakin rake na sake tsayawa, wannan karon sai da na zauna a ƙasa. Ma'aikata da 'yan kasuwa suna wuce ni a kan kekunansu, wasu na ce mini sannu, wasu na waiwayowa sau biyu don su tabbatar ni ce. Daga mararraba hanya ta zama ta ƙasa, ta gangara mayo. Ruwa bai zo ba tukuna, yashi ne zalla, na tura. Sai tudu. Na tsaya a gindinsa na dube shi kamar ban taɓa ganinsa ba. Akwai wata tsamiya a tsakiyar hawan, na ce wa kaina in na kai inuwarta ya isa na yau. Da na kai na ce to saura rabi, ba zan koma gida in ce tsamiya na je gaisarwa ba.

Awa ɗaya da minti arba'in na yi. An gama darasin farko. Ban bi ta ofis ba, na jingine keken a bangon aji huɗu na shiga. Yara suka miƙe da ihu. Na ce wa sabuwar malamar, "Na gode ƙwarai, 'yata. Zan karɓa daga nan." Ta dubi ƙofa tana neman hedimasta, shi kuwa yana tsaye a bakin taga yana kallo. A zaune na koyar ran nan, ƙafafuna suna karkarwa a ƙarƙashin tebur. Komawa gida da rana ta fi zuwan wuya. Na kwanta da takalmi a ƙafa.

Washegari jikina kamar an daka ni a turmi. Na tafi. Jibi ma na tafi. Ba zan ce kullum sauƙi ake samu ba. Wata rana sai in wuce kwalbati ban tsaya ba in yi ta murna, washegari kuma tun kafin gidan mai ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Amma yunwa ta dawo mini. Wata rana a mararraba na sayi dafaffen rogo da yaji na cinye a tsaye, sai da na gama na tuna ban ji ɗanɗanon ƙarfe ba.

Ƙarshen wata muka je Yola ganin likita. 'Yata ta biyu nas ce a can, uban kuwa ya riga ya kai mata ƙarata ta waya. Tun a tasha ta fara.

"Mama, so kike ɗinkin ya buɗe? Duk wahalar da muka sha?"

"Ku kuka sha?" na ce.

Muka shiga wurin likita mu uku. Ya duba ɗinki, ya auna hannuna, ya ce nauyina ya ƙaru. Na ce ina da tambaya.

"Likita, kai ka ce kada in hau keke?"

Ya ɗago daga takarda. "Ni? Kina iya hawa ne?"

"Da shi nake zuwa makaranta."

Ya ajiye biro ya yi dariya sosai. Ya ce ɗinkin ya warke, in ci gaba da hawa, in na gaji in huta. Ya ce kada in rataya kaya a hannun hagu, in ya kumbura in naɗe shi da bandeji, in na kwanta in ɗora shi a kan matashi, in ci wake da ƙwai. 'Yata ta dubi ubanta. Shi kuwa takalminsa yake kallo.

A motar dawowa muka yi ta tafiya har muka wuce Gombi. Sai maigida ya yi magana da yarenmu, a hankali, yana kallon taga. Ya ce yayarsa, wadda ta goya shi, irin wannan ciwon ta yi tun kafin ya san ni. An yi mata aiki, ta dawo, ta ce ta warke, ta koma gona. Wata rana a kan tsani aka ɗauko gawarta daga gonar.

"Na ce in na rataye keken, kullum zan san inda kike," ya ce.

Tausayinsa ya kama ni. Amma ban ce masa ya yi daidai ba.

"Baban yara, ciwon ne ya kashe ta, ba gona ba. Ni ma in zai dawo, zai same ni ko ina kan kujera. Kada ka ƙara yi mini ƙarya da sunan likita."

Ya gyaɗa kai. Washegari da na fito na tarar an ba tayoyi iska, ga gorar kunun gyaɗa a cikin kwando. Bai ce shi ya sa ba, ban tambaya ba.

Damina ta kankama. Mayo ya fara kawo ruwa, in ya janye sai ya bar yashi a jiƙe, a daddale. Lokacin na fara jin kaina, tsayawa ɗaya kawai nake yi kafin mararraba. Wata safiya na gangaro na ga yashin ya yi tauri, na ce yau ba zan sauka ba. Ga wasu mata su shida a tsallake da fartanyu a kafaɗa za su noman gyaɗa, ina jin har da son su gani. Ina kaiwa tsakiya ƙafar gaba ta nutse, kan keken ya murɗe, hannun hagu ya kasa riƙewa. Na zo ƙasa ta gefen dama, keken a kaina, littattafan yara suka watse.

Matan suka sheƙo da gudu. Suka ɗaga keken, suka ɗaga ni. Sai na ga duk sun yi tsit suna kallon ƙasa. 'Yata ta ɗinka mini wani ɗan matashi na auduga da nake cusawa a rigar nono don ya cike gurbin. Shi ne ya zame ya faɗo, yana kwance a kan yashi a tsakiyarmu.

Babbarsu, wata tsohuwa mai jan ɗankwali, ta sunkuya ta ɗauka ta kakkaɓe. Hausarta irin tamu ce ta nan, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Malama, ka ji ciwo?"

"Ban ji ba, Mama."

Ta dubi abin da ke hannunta, ta dubi ƙirjina. "Naka ne?"

Kunya ta taso mini tun daga ƙafa. Wata tara ina ɓoye abin nan, ko a gaban maigida ba na cire riga. Na ji bakina yana shirin cewa tsumman goge allo ne. Sai na ji haushin kaina.

"Nawa ne," na ce, da ƙarfi yadda ta ƙarshensu za ta ji. "Na gasken an yanke shi a asibiti. Sankara ce. Ga ni nan kuma."

Wata ta ce wayyo. Tsohuwar ta miƙo mini da hannu biyu. Ban mayar da shi cikin riga ba, na jefa shi kwando tare da littattafai, na tura kekena na haye. Haka na koyar ran nan, gefe ɗaya a shafe. Yara sun kalla na ɗan lokaci, suka koma faɗa a kan fensir.

Ƙarya na yi wa tsohuwar, na ji ciwo. Gwiwa ta fashe, hannun hagu ya kumbura ya yi sumul, zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyar. Da na tashi na hau keke, sai na ga ƙarfin da na tara wata biyu ya zube. Na koma tsayawa a gidan mai, na koma zama a kwalbati. Ran nan da na dawo na shiga banɗaki na rufe ƙofa na yi kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka gaya mini sunan ciwon. Na wanke fuska, na naɗe hannu da bandeji. Da safe na fita. A mayo kuwa tun daga ranar sauka nake in tura, na koyi wannan.

Bayan kamar mako uku, na iso mayo na tarar da ɗaya daga cikin matan nan tana jirana ita kaɗai, matashiya mai goyo. Ta ja ni bayan wani kurmi, ta waiwaya hagu da dama, ta kama hannuna na dama ta ɗora a ƙirjinta. Na ji ƙullutu, da tauri kamar ƙwallon goruba ƙarami. Ta ce tun kafin ta haihu yake, ba ta gaya wa kowa ba, mijinta ba zai yarda a taɓa ta da wuƙa ba.

Gidansu yana can gaba da makarantarmu, hanyar duk duwatsu. Sau biyu na je bayan an tashi. Mijin ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa, ya saurare ni da ladabi, ya ce za su duba. Zuwa na biyu na ce masa, "Dube ni da kyau. An yanke ni, kuma da ƙafata na tuƙo keke zuwa ƙofar gidanka." A ƙarshe sun je asibitin gari, har ta zo ta nuna mini takardar da aka tura ta Yola da ita. Daga nan aka ce danginta sun zo sun tafi da ita wajen garin Uba. Ko ta je Yolan, ko ba ta je ba, ban sani ba. Na tambaya har na gaji. Har yau in na tuna ta sai in ji ba daɗi.

Dogon hutu ya zo, na riƙa bin maigida gona a Lamorde, shi a kan nasa keken ni a kan nawa. Da farko yana rage gudu yana yi kamar cen ɗinsa ne ke damunsa. Kafin a fara cire gyaɗa ya daina yi.

Da aka koma makaranta, takardar canjin wurin aiki da hedimasta ya nema tun tuni ta iso. Ya miƙo mini yana murmushi kamar kyauta ya ba ni. Na sa a jaka. Washegari tun daga gida nake faɗa da shi a zuci, ina shirya abin da zan gaya masa, ina ba kaina amsa, ina ƙara hasala. Na tura na haye mayo, na hau, ina ta masifa ni kaɗai. Sai na ga inuwa ta gifta kaina. Tsamiyar ce, na wuce ta a kan keke. Nan cinyoyi suka kama wuta. Na miƙe tsaye a kan feda, keken yana tangaɗi, ina jin numfashina kamar zarto, ina cewa taka, taka, taka. Na kai sama. Na sa ƙafa a ƙasa na kifa kai a kan kwando har duhun idona ya washe. Ba kowa a wurin sai wani jaki a ɗaure, shi ma bai ɗago ba.

Na shiga ofis da gumina na ajiye takardar a kan tebur.

"Hedimasta, ka mayar musu."

"Madam, ai ta fita daga hannuna."

"To zan kai da kaina."

Sau uku na tuƙa zuwa ofishin ilimi bayan an tashi. Zuwa na uku jami'in ya leƙa ta taga ya ga keken, ya tambaye ni daga ina nake, na gaya masa. Ya karɓi takardar ya soke.

Ban koma yadda nake ba, kada wani ya zaci haka. Minti hamsin da biyar nake yi yanzu, ran da jiki ya ƙi kuwa har awa da kwata, kuma ba kullum nake cin tudun ba. Yatsuna biyu na hagu har yau ba sa jin zafi ba sa jin sanyi. Duk wata uku ina zuwa Yola a duba ni, kuma duk zuwa sai tsoro ya kama ni kafin likita ya buɗe baki.

Makon jiya ina dawowa na haɗu da garken shanu ana kora su kasuwa, sun cika hanya daga wannan gefe zuwa wancan, manyan farare masu dogon ƙaho. Masu keke biyu da ke gabana suka sauka suka raɓe a jikin shinge. Ni kuwa na bar wake a jiƙe a gida, ga hadari yana haɗuwa ta gabas. Na danna ƙararrawa na kutsa ta gefen da na ga sarari. Makiyayin, wani dogo da sanda a wuya, ya ɗaga hannu.

"Dada, a hankali! Ki tsaya su wuce!"

"Kai ka matsa da su," na ce, "sauri nake!"

Ya yi dariya, ya daki gindin wani bijimi da sanda, hanya ta buɗe. Na wuce ta tsakaninsu, warin shanu da ɗumin jikinsu a fuskata, wata saniya ta shafe ni da jela. Saukar farko ta ruwan ta same ni a daidai gidan mai, ban tsaya ba.